Kafin Hannu Ya Taɓa Yumɓu

Wanda ya bar birnin Kano ta hanyar Katsina, ya wuce kasuwar hatsi ta Dawanau ya nufi Bichi, ko ya bi hanyar Daura ya doshi Dambatta, zai yi ta zuba ido ya ga daji, amma ba zai gani ba. Gona ke bin gona, gida na hango gida. Ɗorawa da tsamiya da gawo da kukar da ke tsaye a tsakiyar gonaki kowace da mai ita, kuma ba don ado aka bar ta ba. Karan dawa ba a barin sa ya ruɓe a banza: shi ne danga, shi ne makamashi, ganyensa kuma abincin dabba. Tokar murhu da kashin awaki su koma gona a matsayin taki. Michael Mortimore, Baturen Ingila masanin labarin ƙasa da ya koyar a Zariya sannan a Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru masu yawa yana nazarin wannan yanki tun daga farkon shekarun 1960, yana mamakin yadda ƙasa ɗaya ake nomanta kowace damina ba hutu, kuma take ci gaba da ciyar da jama'a mai yawa haka.

A irin wannan wuri babu abin da aka ƙera shi da ka. Faɗin bakin randa, tsawon ƙotar fartanya, tudun da ake ɗora rumbu a kai, duk amsa ce ga wata tambaya da ƙasa ko yanayi ko aljihu ya yi wa mutane. Shi ya sa nake jinjina wa wani rukuni na malaman fasaha da ba a cika jin sunansu ba: masu koya wa ɗalibai ƙirar abubuwa masu jiki, irin waɗanda ake ɗauka, a zagaya, a zauna a kai ko a zuba abu a ciki, amma suka ƙi bari ɗalibi ya fara da zane. Sai ya fita ya gani, ya tambaya, ya auna tukuna.

Abin kamar mai sauƙi ne, amma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ajin matasa masu ɗokin nuna gwaninta ya san ba haka ba ne. Yaro ya shigo makaranta hannunsa na ƙaiƙayi. A wayarsa akwai hotunan kujeru da tukwanen fure na Italiya da Dubai, kuma a ransa ƙira mai kyau ita ce wadda ta yi kama da su. Ko da daga Makoɗa ko Kunchi ko Tsanyawa ya fito, kayan gidansu sun zame masa abin da ido ya saba da shi har ya daina gani. Aikin malami na farko shi ne ya mayar masa da waɗannan kaya baƙi. Gwani a wannan fanni yakan ajiye tulu a tsakiyar aji ya ce kowa ya faɗi dalilin da ya sa wuyansa ya tsuke. Wani zai ce don kyau. Malam ba zai ce masa ya yi kuskure ba, sai ya sa shi ya cika bokiti da ruwa, ya ɗora a ka, ya zagaya fili, sannan ya sake yin haka da tulun. Rigar da ta jiƙe ita za ta ba shi amsa.

Daga nan sai fita. Nan ma akwai ilimin da ba ya cikin manhaja. Ba a kwasar ɗalibai a mota a zube su a ƙauye kamar masu rabon katin zaɓe. Malam kan riga su zuwa, ya gaida dagaci, dagaci ya haɗa shi da mai unguwa, shi kuma ya kai shi wurin Sarkin Maƙera ko babban magina. Yakan kuma duba lokaci. Da damina kowa na gona, ba mai sauraronka. Bayan kaka, in an gama kai amfani gida, lokacin ne maƙera da masassaƙa da masu ginin tukwane ke zama kan sana'a sosai, kuma lokacin ne ake gyaran katanga da yaɓen ɗaki. Sai kuma rabon ɗalibai: namiji baƙo iyakarsa zaure, alhali rabin kayan da ake son a nazarta, murhu da turmi da randa da tanda da kujerar tsugunno, suna can cikin gida a hannun mata. Saboda haka ɗalibai mata a irin wannan aiki ba 'yan rakiya ba ne, su ne ke riƙe da mabuɗin. Ajin da babu mata a cikinsa rabin labari kaɗai zai kawo.

Salon tambaya ma sai an koya. Ɗalibi in an bar shi da kansa, takarda zai buga mai layi-layi ya tsaya kan tsohuwa yana karanto mata: shin kina gamsuwa da murhunki, e ko a'a? Za ta ce e, don kunya da kara ba za su bar ta ta kushe kayanta gaban baƙo ba, kuma don ta sallame shi. Malam na ƙwarai kan hana wannan. Yakan ce a zauna a ƙasa, a gaisa gaisuwa mai tsawo, a karɓi ruwa in an miƙo, a sa hannu a aikin in an yarda. Tambayar kuma ta zama ta abin da ya faru, ba ta ra'ayi ba. "Inna, wannan tukunyar tun yaushe take wurinki? Ta gabanta me ya same ta?" "Baba, me ya sa aka ƙara wa ƙotar nan tsumma a nan wurin?" Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba zai nuna maka ba sai ya ga ba dariya ka zo yi masa ba.

Akwai wata dabara da nake ganin ta fi kowace nuna basira: tura ɗalibai juji da bayan ɗaki su nemo abin da ya fashe ko aka yi wa gyara. Sabon kaya ba ya faɗin gaskiya. Ƙwaryar da aka ɗinke, turmin da aka ɗaure bakinsa da ƙarfe, bokitin roba da aka liƙe da wuta, kujerar da ƙafarta ɗaya ta fi sauran cinyewa, su ne ke nuna inda nauyi ke sauka, inda hannu ke kamawa, da abin da mutane suka ga ya cancanci a ɓata lokaci a gyara maimakon a jefar.

A ɗauki randa, tunda Dawakin Tofa ta yi suna da ginin tukwane, kuma kusan kowane gida a karkarar nan akwai ta a gindin bishiya ko a lungun inuwa. Ɗalibin da bai yi bincike ba, in aka ce ya inganta randa, abu uku zai yi. Zai daidaita gindinta ya zama shafaffe don ta zauna a kan siminti. Zai shafe jikinta da fenti ko wani abu mai ƙyalli don ta daina tsattsafo. Zai kuma rage mata kauri don ta yi sauƙin ɗauka. Duk ukun ɓarna ce. Tsattsafon nan da yake gani aibi shi ne aikin randar gaba ɗaya: yumɓun da aka gasa da wutar kara da itace ba ya toshewa ruf, ruwa na ratsa ƙananan ƙofofinsa ya fito waje, iska ta busar da shi, busarwar kuma ta tafi da zafin ruwan da ke ciki. Ka toshe ƙofofin, ka sami tukunya mai kyan gani da ruwa mai ɗumi. Gindin da ya yi kumburi kuwa, ba a kan siminti aka yi shi ya zauna ba, a cikin yashi ne mai laima ko a kan karaga, kuma siffar ƙwallo ta fi jure nauyin ruwa da zafin gashi fiye da mai kusurwa, wadda daga kusurwar take fara tsagewa. Faɗin baki an yi shi daidai shigar moɗa da hannu, daidai kuma faifai ko murfin da zai rufe shi. Hatta garin tsofaffin katanga na tukwane ko yashin da magini ke cuɗawa cikin yumɓu, wanda ɗalibi zai ɗauka ƙazanta ce, shi ke hana tukunya fashewa a wuta. Duk wannan ba a rubuce yake a jikin randar ba. Sai an zauna wurin mai ginin, an ga yadda yake kife tsohuwar tukunya ya shimfiɗa yumɓu a gindinta ya bubbuga, an kuma zauna wurin mai shan ruwan.

Misalin da malamai ke so su kawo a nan, kuma sun yi daidai, shi ne na marigayi Mohammed Bah Abba, malamin kwalejin kimiyya da fasaha a Jigawa, jihar da take cikin Kano har zuwa 1991. Ya tashi a gidan masu ginin tukwane, ya san sirrin tsattsafo tun yana yaro. A shekarun 1990 ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, sai ga ma'ajiyar kayan miya mai sanyi ba tare da lantarki ba. An ba da rahoton cewa yalon da kan lalace cikin kwana 3 ya kai kwana 27 a ciki. A shekarar 2000 ya sami lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki. Ilimin sanyaya abu ta hanyar busar ruwa tsoho ne, ba shi ya ƙago shi ba. Abin da ya gani wanda wasu ba su gani ba shi ne zaman mutanen: manomin da dole ya karyar da tumatir da alayyahu ranar da ya tsinko, da yarinyar da ake tsarewa daga makaranta don ta yi tallan kayan kafin su yanƙwane. Ya kuma yi amfani da maginan da ke wurin da yumɓun da ke wurin, don farashin ya tsaya inda talaka zai iya. Malam mai lura zai ƙara wa ɗalibai da cewa tukunyar ta fi aiki da bazara da hunturu lokacin da iska ta bushe, da damina kuwa ƙarfinta na raguwa. Wato ko ƙira mai lambar yabo tana da watannin da take ja da baya, kuma mai ƙira ya kamata ya san su.

Awo shi ne mataki na gaba. Ana ba ɗalibi tef, amma ana kuma sa shi ya koyi awon masu sana'a: taƙi, kamu, gaba, taku. Magini da masassaƙi da jikinsu suke awo, shi ya sa kayansu ke dacewa da jiki. Ɗalibi zai auna tsawon murhu daga ƙasa, ya auna kujerar da mai tuƙa tuwo ke zama a kai, ya ga dangantakar da ke tsakaninsu. Murhu na zamani da yawa da aka kawo karkara da kyakkyawar niyya sun ƙare a bayan ɗaki, don an gwada su da tafasa ruwa, ba a gwada su da tuƙin tuwon dawa na gidan mutum goma sha biyar ba, inda muciya ke buƙatar tukunya ta kafu daram. Zai auna faɗin ƙofar zaure, don abin da ba zai shiga ta nan ba ba zai shiga gidan ba. Zai tambayi yadda kaya ke zuwa kasuwa: a ka, a mangalar jaki, a amalanke, ko a bayan babur, wanda yanzu shi ya fi yawa, kuma shi ya fi fasa tukwane. Zai tsaya a kasuwa ranar cinta ya ji nawa ake tayawa, nawa ake sallamawa. Farashi ma awo ne, kuma shi ne wanda 'yan makaranta suka fi mantawa.

Wannan hanya tana da tarihi a Arewa. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu fasaha ta Zariya, suna cewa ba za su yi ta kwaikwayon makarantun Ingila ba alhali ga fasahar iyayensu. Okeke ya koma ya nazarci zanen uli na matan Ibo. Nwoko ya bi ta gini, har aka karrama shi da babbar lambar yabo ta baje kolin gine-gine na Venice a 2023. Zbigniew Dmochowski, masanin gini ɗan ƙasar Poland, ya yi shekaru shi da mataimakansa 'yan Nijeriya suna auna gidaje da masallatai da fadoji, daga ciki har da masallacin Juma'a na Zariya na Babban Gwani Muhammadu Durugu, kuma daga wannan awo aka gina gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Labarin Michael Cardew ya fi ba da abin tunani. Da ya zo Nijeriya a 1950, kafin ya kafa komai sai da ya zagaya ƙasar yana duba yumɓu da tukwanen mutane, sannan ya zaɓi tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane. Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, ta shiga cibiyar a 1954. Binciken Cardew na ƙasa da duwatsu ba shi da na biyu, kuma ya girmama maginan gargajiya ƙwarai. Amma randunan Ladi Kwali da aka gasa da wuta mai tsanani aka shafe su da ƙyalli sun yi nauyi, sun daina tsattsafo, sun tashi daga gindin bishiya sun koma ɗakunan baje koli na Landan. Sun zama abin alfahari, kuma sun cancanta, sai dai ba sa sanyaya ruwa. Malamin da ke son ɗalibansa su gane bambancin ƙera wa mutane da ƙera abu da siffar kayan mutane, ba shi da misalin da ya fi wannan.

Wannan bambanci shi ne inda aka fi zamewa. Da yawa sun ɗauka sanin al'ada shi ne a manna dagin Arewa a jikin komai, ko a ɗora wa kowane gini zanko. Na gaji da ganin kujerar ofis mai dagi a baya ana ce mata ƙirar gargajiya. Gwanin malami kan tambayi ɗalibi: a ina ka ga wannan ado, wa ya yi shi, a jikin me, kuma me ya sa ba a yin sa a jikin wancan? Adon fuskar soron attajirin birni dabam, zanen ƙwaryar amarya dabam, aikin wuyan babbar riga dabam. Haka batun mutum-mutumi. Manhajar sassaƙa da aka gada daga Turai ta ginu ne kan siffar ɗan Adam, amma a garuruwan nan na Musulmi ɗalibin da ya kafa gunki a dandali ya jawo wa kansa da makarantarsa magana. Malam ba ya ɓoye wannan, ba ya kuma mai da shi abin kuka. Yakan nuna cewa mutanen da suka ɗaure bakan gizo da azara da ƙasa har ya riƙe rufin soro shekaru aru-aru, suka fitar da akushi daga kututture da gizago, ba su rasa fahimtar siffa da sarari ba.

Kada kuma a ɗauka binciken nan kiran a koma jiya ne. Ɗalibin da ya zauna da mutane da gaske zai dawo da labarin da mai son gargajiya ba zai so ji ba. Uwar gida ta fi son bokitin roba wajen ɗibar ruwa don ba ya fashewa a hannun yara. Maigida ya fi son rufin kwano don ya huta da yaɓe kowace shekara, ko da ɗakin zai yi zafi. Wake da yawa yanzu ba a rumbu yake kwana ba, yana cikin buhu mai hawa uku irin wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, wanda ke toshe iska har ƙwari su mutu ba tare da magani ba. Itacen sassaƙa ya yi tsada, azarar giginya ta yi wuya. Malam nagari ba ya bari a share waɗannan daga rahoto. Idan mutane sun bar wani abu, akwai dalili, kuma dalilin na cikin abin da aka je nema.

Sai bayan duk wannan ake komawa ɗakin aiki. A fara da ƙananan samfura na yumɓu ko kwali ko kara, a yi da yawa, a zubar da mafi yawa. Wanda ya tsira a yi shi da girmansa na gaskiya, da kayan da za a iya samu a kasuwar Bichi ko Dambatta, ba wanda sai an aiko daga Legas ba. Kasancewar Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai horar da malaman fasaha da sana'a a garin Bichi, a tsakiyar wannan karkara, dama ce babba, don ɗalibi na iya zuwa ƙauye da safe ya dawo aji da azahar, kuma wanda aka horar a haka gobe shi zai koyar a sakandare.

Hukunci na ƙarshe ba a aji ake yanke shi ba. Ana mayar da abin wurin waɗanda aka tambaya tun farko, a ajiye, a yi shiru. In an ce "Madalla, Malam, ya yi kyau, Allah ya yi albarka," wannan gaisuwa ce, ba sakamako ba. Abin dubawa shi ne ko tsohuwar za ta kai hannu ta ɗaga shi ba tare da an ce ta ɗaga ba, ko magini zai ƙwanƙwasa shi da yatsa ya saurari ƙararsa, ko wani zai tambayi nawa ne. Malaman da suka fi tsanani sukan ce a bar kayan a gidan har a ga bayan damina ɗaya, sannan a koma a duba: yana aiki, ko an mai da shi mazubin dusar kaji? Suna kuma dagewa kan abu biyu da ake yawan sakaci da su, wato a rubuta sunan maginin ko maƙerin da ya koyar a cikin rahoton ɗalibi kamar yadda ake rubuta sunan marubucin littafi, kuma a biya shi ladan yinin da ya bar sana'arsa ya zauna da yara. Kuɗin mota da na wannan lada ba kasafai ake samun su a kasafin makaranta ba, sau da yawa daga aljihun malamin suke fita, ko ɗalibai su yi karo-karo.